Yaya ga amsar tambayarka kan farashin kaya da maganar ɓarayi a Japan

Assalamu alaikum Yaya, da fatan kun wayi gari lafiya, ya ƙarfin jikin Hajiya, ya yara da maman su da sauran mutanen gida. Naga saƙonka tun ranar Laraba amma satin nan lodin kwantena muke ta yi a yadin motocin da nake aiki, injina da giyabos ne zasu tafi Legas daga nan wasu su ƙarasa Ƙofar Ruwa, in na dawo gida da ƙyar nake iya yin isha'i, shi yasa sai yau Lahadi na samu zama. Abu biyu ka tambaya, farashin kaya, sai kuma maganar da kace tunda an ɗora maka sakataren kwamitin tsaron unguwa in gaya maka ya mutanen nan suke yi har ake cewa babu sata a ƙasarsu. Allah ya taya ka riƙo Yaya, wallahi naji daɗi da kai aka zaɓa, don tun abinda ya faru da Auta, da aka tare shi aka ji masa rauni a hannu aka ƙwace masa waya, raina bai kwanta da unguwarmu ba.

Farashi dai bari in yi maka shi a gurguje. Ka riƙa lissafa yen ɗaya kusan naira goma a yanzu. Shinkafa kilo biyar da nazo wajen yen 2,000 nake saya, a 2025 ta haura 4,000, su kansu 'yan ƙasar kuka suke har a talabijin. Ƙwai goma wajen 300. Kaza halal daskararra wadda ake kawowa daga Brazil ina samu a Gyomu Super da sauƙi, amma naman rago sai naje shagunan 'yan Pakistan na Yashio ko in na shiga Tokyo in biya Shin-Okubo. Kankana guda ɗaya sai ka ganta yen 2,000, mangwaro kam kallo kawai nake yi in wuce, ina tuna na gonar Kawu da ake barin shi yana ruɓewa a ƙasa. Ɗakina ciki ɗaya da ɗan kicin da banɗaki 45,000 duk wata, banda wuta da ruwa da gas. Mafi ƙarancin albashi a nan Saitama ya ɗan haura yen dubu a awa ɗaya, saboda haka kar kaji manyan lambobi ka ɗauka tara su ake yi, yadda suke shigowa haka suke fita. Asibiti in kana da inshora kashi 30 cikin ɗari kake biya, motar ɗaukar mara lafiya kuma kyauta ce in ka kira 119. Wuta tunda nazo shekara huɗu kenan sau ɗaya naga an ɗauke, shima guguwa akayi. Ka riƙe maganar wutar nan don tana cikin amsar tambayarka ta biyu.

A hanyata ta zuwa aiki akwai wata 'yar rumfa a bakin gona, katako ne kawai da kwano a sama, an jera kabeji da albasa mai lawashi da dankali a leda, kowace leda yen 100 ko 200, ga wani ɗan akwatin ƙarfe an ɗaure shi da waya. Babu mai tsaro, babu kowa. Ka ɗauka ka jefa kuɗinka ka tafi. Ranar da na fara gani na tsaya nafi minti biyar ina jiran mai kayan, har wata tsohuwa tazo a keke ta ɗauki leda biyu ta jefa sulalla ta wuce ko waiwaye bata yi ba. Haka injinan sayar da lemo da kofi, suna nan kowane lungu har cikin gonaki, cike da kuɗi, suna haske duk dare. Mai kawo saƙo in bai same ka ba yakan ajiye kwalin a bakin ƙofa ka dawo da daddare ka tarar da abinka. To da farko nima cewa nayi mutanen nan halittarsu ce daban. Yanzu da na daɗe ban yarda da hakan ba, kuma zan gaya maka dalili.

Bara da damina walat ɗina ya faɗi daga aljihun baya ina kan keke, tsakanin yadi da kasuwa. Akwai yen 38,000 a ciki kuɗin da zan turo wa Hajiya, da katin inshora, da katin zama wanda doka tace dole baƙo ya riƙa yawo da shi ko ina. Hankalina ya tashi ƙwarai, ba don kuɗin ba ma, don katin. Ogana yace kaje koban. Koban ɗan ƙaramin ofishin 'yan sanda ne, wani bai fi shagon mai shayi biyu ba, da jar fitila a gaba, akwai shi kusan kowace babbar tashar jirgin ƙasa da cikin unguwanni, a ƙasar gaba ɗaya sun kai dubu shida, banda na ƙauyuka da ake kira chuzaisho inda ɗan sandan yake zaune da iyalinsa a cikin ginin. Na shiga ina ɗar-ɗar. Wani dattijon ɗan sanda ya turo min kujera, ya ɗauko fom, ya tambayi kalar walat ɗin, nawa ne a ciki, takardun kuɗi nawa sulalla nawa, wace hanya na bi, ya buɗe wata babbar taswira mai sunan kowane gida a jiki muna bin layin da yatsa. Ya bani 'yar takarda mai lamba. Ko sisi bai nema ba, ba kuɗin biro ba kuɗin mai. Kwana biyu aka kira ni a waya akace in je babban ofishinsu na gari. Yaya wallahi tallahi har sulalla uku da na manta dasu an ƙirga an rubuta a takarda. Nace ina wanda ya tsinta in yi masa godiya, akace ya cike a fom cewa baya son tukuici kuma kar a bada sunansa. Na fito na zauna a bakin hanya na daɗe ban hau keken ba, abinda yake zuwa min kawai shine ranar da muka raka Auta kai ƙara hannunsa naɗe da bandeji, aka ce mu kawo kuɗin takarda, aka ce babu mai a mota, muka dawo gida kowa yayi shiru.

Daga baya na bi diddigin abin sai na gane ba kirki kaɗai bane, an gyara wa kirkin hanya ne. Dokarsu ta tsintuwa tace in ka kai abu cikin kwana bakwai kana da haƙƙin kashi 5 zuwa 20 cikin ɗari daga mai shi, in kuma wata uku suka wuce ba'a samu mai shi ba ya zama naka halak malak, sai dai irin su waya da kati masu bayanin mutum. In ka ɓoye kuma laifi ne da za'a iya gurfanar da kai. Sannan inda zaka kai ɗin baya da nisa, kuma ba wanda zai ce maka zauna a bayan kanta kayi bayanin inda ka samo shi. A Tokyo kaɗai a 2022 tsabar kuɗin da mutane suka tsinta suka kai wa 'yan sanda ya kusa yen biliyan 4, kuma kusan kashi uku cikin huɗu ya koma hannun masu shi. Yaro ɗan firamare in ya tsinci yen goma uwarsa zata riƙe hannunsa su je koban, ɗan sandan ya karɓa da mutunci ya rubuta, yaron ya taso da wannan a ransa. Mu fa addininmu ne ya ce ayi cigiyar tsintuwa har shekara, a makarantar allo muka ji, kuma muna da masu amana, ka tuna yaron nan mai adaidaita sahu a Kano da ya mayar da naira miliyan 15 na wani ɗan kasuwa daga Chadi a 2023. Bambancin shine a wajenmu mai amana sai yayi ƙarfin hali, yana tsoron kar alherinsa ya zame masa jidali, a nan kuwa ragon mutum ma zai iya yin gaskiya don ba abinda zata ci masa sai minti goma.

Ɗan sandan koban yawancin aikinsa ba kamu bane. Kwatance yake yi wa mutane, ya karɓi tsintuwa, ya raba ma'aurata masu faɗa, ya tashi wanda ya bugu ya kwanta a titi, ya zaga a farin keke. Wata rana ɗaya ya ƙwanƙwasa min ƙofa da wani kati, sunana, inda nake aiki, wa za'a kira in wani abu ya same ni, yace ba dole bane amma suna bi gida gida. Na cike. Da ya tafi sai naji kamar lokacin marigayi mai unguwa, Allah ya jiƙansa, da ba mai saukar baƙo a unguwa ya kwana uku bai kai shi an gaisa ba, ba mai bada hayar ɗaki sai da saninsa, yaro in ya ɓata gidansa ake kaiwa, akuya in ta ɓata can ake cigiya. Singafo da Brazil har turo mutane sukayi suka kwaikwayi tsarin koban ɗin nan, ni kuma ina kallonsa ina ganin zauren mai unguwa ne aka sa masa waya da albashi da littafi.

Amma in kace 'yan sanda ne suke tsare unguwar nan baka faɗi rabin gaskiya ba. Tsofaffi ne. Kowace unguwa tana da ƙungiya, chonaikai suke ce mata, ana biyan 'yan yen ɗaruruwa a wata, akwai wani allo mai takardu da yake zagawa gida gida, ka karanta ka sa hannu ka miƙa wa maƙwabci, a ciki zaka ga an rubuta an sace keke a layi kaza, an ga baƙuwar mota a wuri kaza, ranar kaza za'a share kwata. Shara ma da ranarta da irin ledarta, satina na biyu na haɗa gwangwani da sauran shara, da yamma na tarar da ledar an manna mata takarda an bar ta, tsohuwar da ke ƙasana ta fito ta nuna min yadda ake rabawa. Ban taɓa gaya mata ledata bace, ta sani kawai. Tun daga ranar na gane duk shirun da layin nan yake yi akwai ido a bayan kowane labule. Yanzu muna mutunci sosai da ita, in ta dafa kabewa tana miƙo min, in naje masallaci da asuba lokacin azumi tasan ƙarar kekena.

Da safe ƙarfe bakwai da rabi zaka ga yara 'yan shekara shida bakwai da hula ruwan ɗorawa suna tafiya makaranta a ƙafa a jere, babba a gaba, ba uba ba direba. A kowace mararraba akwai tsoho ko uwa da tuta da riga mai ƙyalli suna tsallakar dasu, kyauta suke yi, bi da bi. A jikin jakar kowane yaro akwai wani ɗan abu in ya ja igiyarsa sai ya kama ƙara. Gidaje da shaguna da yawa sun manna sitika mai lamba 110, wato lambar kiran 'yan sanda, a ƙofa, ma'ana duk yaron da yaji tsoro ya faɗa nan za'a riƙe shi a kira 'yan sanda. Da yamma lasifikar gari tana sakin wani ɗan kiɗa, yara sun san lokacin komawa gida yayi, kuma da lasifikar ake shelar tsoho ya ɓata sanye da riga kaza, ko a ce yau 'yan damfara suna ta kiran wayoyi a yankin nan a kula, kamar dai sanƙira. Ƙarshen Disamba cikin sanyin nan mai shiga ƙashi dattawa suke fitowa da dare suna buga katako biyu suna kiran a kula da wuta. Duk wannan da muke cewa ɗa na kowa ne, su basu faɗa da baki amma sun raba shi a jadawali kowa yasan ranarsa.

Abinda nake so ka kai wa kwamiti da babbar murya shine masu sintirin nan basa riƙe komai. Tocila, riga mai ƙyalli, waya, shikenan. Wasu suna da mota mai shuɗiyar fitila da aka basu izini. In sunga abu 110 suke kira, basa kamawa balle duka, balle a tara taya. Nasan zaka ce su in sun kira ana zuwa cikin 'yan mintuna, mu kuwa sai gari ya waye, gaskiya ne, kuma nasan dalilin da yasa mutanen Maiduguri suka ɗauki gora a 2013 da dalilin da yasa ƙauyukan Zamfara da Katsina suka koma ga 'yan sa-kai, wanda aka kashe wa uba ba'a yi masa wa'azin haƙuri daga nesa. Amma mu Fagge muke ba daji ba. Kuma ka tuna Uromi a watan Maris na 2025, mafarauta 16 'yan uwanmu suna hanyar dawowa gida sallah, 'yan sintirin gari ne suka tare su, aka ce masu garkuwa ne, aka ƙone su. Suma waɗancan a ganinsu tsaron gari suke yi. Na kwana biyu bana iya cin abinci da naga bidiyon. Don Allah Yaya duk wanda yaranku suka kama, ko da wayar a hannunsa, a kai shi gaban mai unguwa a rubuta a miƙa shi, kar a bari taro ya yanke hukunci.

Keke ma da rijista. Ranar da ka saya a shagon za'a karɓi wajen yen 600 a manna masa lamba da sunanka a kwamfutar 'yan sanda, in ka saya hannu sai an canja suna. Shagunan kwana da ake kira konbini, irin su 7-Eleven da Lawson, a buɗe suke awa 24 da haske kamar rana, mace in taji ana binta nan take shiga, a jikin ƙofar akwai ma'aunin tsawo don ma'aikaci ya iya faɗin tsawon ɓarawo, a bayan kanta kuma akwai wasu ƙwallaye masu kalar ruwan lemo cike da fenti da ake jifan mai gudu dasu. Bindiga kusan babu, wuƙa ma in tsawon kaifinta ya wuce santimita 6 ka fita da ita ba dalili laifi ne, ni da nake aiki da kayan yanka a yadi nake barin komai. Ka kwatanta da yaran da suke yawo da ɗan bida da barandami a ƙugu da rana tsaka. Sannan wanda ya ƙwaci waya a nan ina zai kai ta? Shagon kayan hannu ba zai saya ba sai ya ga katin shaidarka ya rubuta. Mu kanmu a yadi duk motar da ta shigo sai an rubuta lambar shasi da takardar wanda ya sayar, ana zuwa dubawa ba sanarwa, saboda akwai masu satar Land Cruiser su yanka su fitar da ita waje a matsayin kayan gyara. Wayar Auta kuwa na tabbata kafin jinin hannunsa ya tsaya an riga an sayar da ita an goge ta. In ba'a taɓa mai saye ba, kama yaran aikin banza ne.

'Yan dabarsu ma, yakuza, haka aka yi musu. A shekarun 1960 sun kai wajen 180,000, yanzu basu fi 20,000 ba. Ba da harbi aka rage su ba, doka ce ta fara aiki a 1992, sannan zuwa 2011 kowace jiha ta hana mutane mu'amala dasu, ba asusun banki, ba hayar gida, ba layin waya, kamfanin da ya basu kuɗi shima ya shiga uku. Ni kaina da zan buɗe asusu sai da na sa hannu cewa bana cikinsu. A wajenmu kuwa kowa yasan wanda yake ɗaukar yaran nan lokacin zaɓe ya basu ƙwaya da kuɗin kashewa, ya kuma je belinsu.

Akwai abu biyu da suka burge ni da ban zata zan samu a ƙasar da ba musulmi ba. Na farko sulhu, jidan suke cewa, wanda yayi laifi ta hannun lauya ya nemi afuwa ya biya diyya, in wanda aka zalunta ya karɓa mai gabatar da ƙara yakan sassauta ko ya bar maganar, musamman ƙaramin laifi na farko. Na biyu wasu dattawa da ake kira hogoshi, sun haura dubu arba'in a ƙasar, ba albashi, aikinsu in yaro ko babba ya fito daga gidan yari ko aka sake shi bisa sharaɗi sai a haɗa shi da ɗaya daga cikinsu, yana zuwa wajensa kamar sau biyu a wata, sau da yawa a gidan dattijon, a sha shayi a tambaye shi ya aiki ya gida, a nema masa abin yi. Mu yaro in ya dawo daga Kurmawa ko Goron Dutse ba mai gaishe shi sai waɗanda suka kai shi can tun farko. Cikin kwamitinku akwai Malam liman akwai tsofaffin ma'aikata masu fansho, ko mutum uku aka samu kowa ya riƙe yaro ɗaya, a kai shi garejin wani ko wajen masu walda, ina ganin zai fi sayen sabbin gora amfani.

Kar kuma in yi maka zaƙin baki, akwai ɗaci. Sata tana nan, keke da lema ana ɗauka kullum, laifukan da aka rubuta sun kai miliyan 2.85 a 2002, suka sauko ƙasa da 600,000 a 2021, yanzu kuma sun fara hawa. 'Yan damfara suna kiran tsofaffi a waya suce nine ɗanki na shiga matsala, su kwashe musu tarin shekaru. Ana taɓa mata a cunkoson jirgi har sai da aka ware musu tarago nasu da safe. A 2022 an harbe tsohon firaminista Shinzo Abe a Nara da bindigar da mutum ya haɗa a ɗakinsa. Kuma tsofaffi da yawa ana kama su da satar abinci a kanti, wasu talauci wasu kaɗaici, akwai wanda zai mutu a ɗaki sai wari ya sanar da maƙwabta. Wannan kam mun fi su nesa ba kusa ba, Hajiya ko ciwon kai tayi kafin azahar gidan ya cika.

Kuma in ka faɗa hannun hukuma a nan sai Allah. Suna iya riƙe mutum har kwana 23 kafin a tuhume shi, ana yi masa tambayoyi ba lauya a ɗakin, kuma in aka kai ka kotu sama da kashi 99 cikin ɗari ana samunka da laifi. Akwai wani tsohon ɗan dambe Iwao Hakamada da aka yanke wa hukuncin kisa a 1968, ya shafe shekaru sama da arba'in yana jiran igiya, sai a 2024 kotu ta wanke shi bayan hankalinsa ya riga ya taɓu. Kunyar da take hana su sata kuma ita ce take cinye dangin mai laifi, uba ya bar aiki, ƙanwa ta rasa miji, a tashi daga garin. Abin tsoho ne a wajensu, tun zamanin sarakunansu ake haɗa gida biyar biyar in ɗaya yayi laifi duka su amsa, ƙauye kuma yakan yanke hulɗa da gida gaba ɗaya sai dai in gobara ko mutuwa. Mu muna cewa tsoro na daji kunya na gida, to su kunyar ta bi su har daji.

Idon nan da yake tsare unguwa kuma a kan baƙo yafi sauka, balle baƙar fata. An tsayar dani a hanya ya kai sau bakwai, kawo kati, keken waye, buɗe jaka, da ladabi suke yi amma mutane suna wucewa suna kallo kuma kasan abinda suke rayawa. Sau ɗaya ina sanye da kaftani zan tafi sallar idi, ranar har hawaye sai da ya zo min. A 2024 wasu mazauna ƙasar su uku 'yan asalin waje sun kai ƙara kotu a Tokyo kan irin wannan tsayarwar. Neman ɗaki ma gida huɗu aka ce ba'a ba baƙo kafin ogana ya tsaya min. Shi yasa in zaku yi rijistar 'yan haya da baƙi, kuma ina goyon bayan ayi, to ayi wa kowa har ɗan gidan mai unguwa, kar ya zama 'yan gudun hijirar da suka zo daga Zamfara da 'yan ci-rani da almajirai kaɗai ake bi da littafi, na ɗanɗana nasan yadda yake a zuciya.

Sai maganar da nasan kwamiti ba zai iya ba, a nan marasa aiki basu kai kashi uku cikin ɗari ba, neman ma'aikata ake har da irinmu, kuma titi da haske har asuba. Lungun bayan makarantar Islamiyya inda aka tare Auta duhu ne kamar kabari tun ina yaro. Wannan ɗaya dai muna iyawa, ka tambayo min kuɗin fitilar sola guda huɗu masu kyau da ƙarfen da za'a ɗaure su sama yadda hannu baya kaiwa, ni zan ɗauki biyu in sha Allahu ƙarshen wata, ka nemi 'yan unguwa da suke Saudiyya su ɗauki sauran. Ka sayi babban littafi kuma da rasit a ajiye a zauren mai unguwa na cigiya, duk wanda ya kawo tsintuwa a rubuta a bashi shaida, liman ya faɗa bayan sallar juma'a, in yaro ne ya kawo a ambaci sunan babansa a sa masa albarka a gaban mutane.

Wanda zai taho wata mai zuwa ɗin nan, ka gaya wa Hajiya don Allah kar ta saka kilishi ko dambun nama a kayan, an hana shigo da nama kwata-kwata, akwai karnuka masu shinshina a filin jirgi kuma tarar tana iya kaiwa yen miliyan 3, kar mu jefa bawan Allah a wahala. Yaji da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa sun isa, shima ya nuna su in an tambaye shi. Ka gaida Malam liman da mai unguwa, ka ce wa Auta ya riƙa motsa yatsun kamar yadda likita yace ko da zafi, zan kira shi ranar Juma'a in na sauko daga masallaci, wajen ƙarfe shida na safe kenan a wajenku.